Fashin Baƙi: Babban jojin da aka raba da kujerarsa sau biyu, da dalilin da ya sa alƙalan Amurka ke yawon neman ƙuri'a

A watan Afrilun 2025 an yi wani zaɓe a jihar Wisconsin ta Amurka da ya lashe sama da dala miliyan 100 a yaƙin neman zaɓe, har da kuɗin attajiri Elon Musk a ciki. Abin da ake takara a kai kujera ɗaya ce tak ta alƙali a kotun ƙolin jihar. Duk wanda ya saba da tsarin Najeriya, inda Majalisar Shari'a ta Ƙasa ke ba da sunan babban jojin jiha, gwamna ya naɗa, majalisar dokoki ta tabbatar, dole ya yi mamaki. Ta yaya alƙali zai buga fosta, ya hau mumbarin siyasa, ya karɓi gudummawar masu kuɗi? In ya ci zaɓe, doka zai bi ko waɗanda suka zaɓe shi? In kuma ya kauce hanya, wa ke da ikon sauke shi?

Babu rayuwar da ta tara waɗannan tambayoyi wuri guda kamar ta Roy Moore na jihar Alabama: tsohon hafsan soja da ya je yaƙin Vietnam, alƙali, babban jojin jiha har sau biyu, ɗan takarar gwamna sau biyu, ɗan takarar sanata sau biyu. Sau biyu jama'a suka zaɓe shi ya shugabanci kotun ƙolin jiharsu, sau biyu kuma aka raba shi da kujerar kafin wa'adinsa ya cika.

Kotuna iri biyu a ƙasa ɗaya

Abin da ke rikita mutane da farko shi ne ɗaukar cewa duk alƙalan Amurka irin waɗanda ake gani a labarai ne, wato alƙalai tara na Kotun Ƙoli da ke Washington. Waɗannan, da sauran alƙalan tarayya, shugaban ƙasa ke zaɓo su, majalisar dattawa ta amince, su zauna a kujera har mutuwa ko sai sun ga dama sun yi ritaya. Ba sa neman ƙuri'ar kowa.

Amma kowace jiha cikin 50 tana da nata kundin tsarin mulki da nata jerin kotuna har zuwa kotun ƙolinta, kuma a nan ake yin sama da kashi 90 cikin 100 na shari'o'in ƙasar: sata, kisa, saki, gado, bashi, rikicin mai gida da ɗan haya. Jihohi 39 na amfani da zaɓe ta wata fuska wajen samar da alƙalansu. Wasu na sa sunan ɗan takara ba tare da jam'iyya ba. Wasu na bin tsarin da jihar Missouri ta fara a 1940, inda kwamiti ke tace sunaye, gwamna ya naɗa ɗaya, bayan wani lokaci a tambayi jama'a ko ya ci gaba ko ya sauka. Wasu kuma, irin su Alabama da Texas, takara ce tsagwaronta: zaɓen fidda gwani, tutar jam'iyya, tallan talabijin. Alƙalan kotun ƙolin Alabama tara ne, wa'adin kowannensu shekara shida.

Tsarin ya samo asali ne daga ƙarni na 19. Mississippi ce ta fara zaɓen dukkan alƙalanta a 1832, New York ta bi sahu a 1846, sauran suka biyo baya. Hujjar masu kawo sauyin ita ce alƙalan da ake naɗawa sun zama 'yan amshin shatan gwamnoni da 'yan majalisa, don haka gara a miƙa ragamarsu ga jama'a. Wato an ƙirƙiro zaɓen alƙalai ne don a 'yanta su daga 'yan siyasa.

Daga Vietnam zuwa kujerar alƙali

An haifi Roy Moore a 1947 a garin Gadsden, a gidan da ba na masu hali ba. Ya samu shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point, ya gama a 1969, daga baya aka tura shi Vietnam inda ya jagoranci wata rundunar 'yan sandan soja. Lokacin yaƙin ya fara fita daga ran sojojin Amurka, tarbiyya ta lalace, shaye-shaye ya yi yawa a sansanoni. Shi kuma ya tsaya kai da fata a kan ladabtarwa, har yaransa suka laƙaba masa suna “Captain America” don zolaya. Shi da kansa ya ba da labarin cewa a kan buhunan yashi yake kwana, saboda tsoron kada wani cikinsu ya mirgino masa gurneti ƙarƙashin gado.

Ya bar soja a 1974 da muƙamin kyaftin, ya karanta lauya a Jami'ar Alabama, ya gama a 1977, ya zama mataimakin mai gabatar da ƙara a gundumar Etowah. A 1982 ya nemi kujerar alƙali a ƙarƙashin jam'iyyar Democrat, ya sha kaye. Daga nan ya ɓace daga fagen na ɗan lokaci: ya je Texas ya koyi damben naushi da shuri, ya wuce Ostireliya ya yi aikin kiwon shanu. Da ya dawo ya nemi kujerar mai gabatar da ƙara a 1986, nan ma bai kai labari ba. Sai a 1992, bayan rasuwar wani alƙali, Gwamna Guy Hunt na Republican ya naɗa shi ya cike gurbin.

Tarihin soja ba ƙaramin jari ba ne a siyasar kudancin Amurka, kuma wannan hanya ta kaki, sannan rigar alƙali, sannan siyasa, tsohuwar hanya ce a Alabama. George Wallace ya yi aikin sojan sama a yaƙin duniya na biyu, ya zama ɗan majalisar jiha, ya zama alƙali, kafin ya zama gwamna har sau huɗu. Howell Heflin sojan kundumbala ne na ruwa a wannan yaƙin, ya zama babban jojin jihar a 1971, daga nan ya shafe shekara 18 a majalisar dattawa, inda abokan aikinsa suka ci gaba da kiransa “Alƙali”. A jihar da alƙalanci kujerar zaɓe ce, ba wanda ke ganin baƙon abu don alƙali ya hango kujerar gaba.

Allon katako, sannan dutse

Da Moore ya shiga ɗakin shari'arsa, ya rataye wani ƙaramin allon katako da ya sassaƙa da hannunsa, ɗauke da Dokoki Goma da Attaura ta ce an bai wa Annabi Musa. Yana kuma gayyato limaman coci su buɗe zama da addu'a. A 1995 ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta kai ƙara. Shari'ar ta yi ta jan ƙafa har ta mutu a kan dalilai na ƙa'ida ba tare da an cire allon ba, amma kafin nan Gwamna Fob James ya yi barazanar turo dakarun tsaron jiha su hana a taɓa shi. Alƙalin da ba a san shi ba a wajen gundumarsa ya wayi gari duk ƙasa na kiransa “alƙalin Dokoki Goma”. Da wannan suna ya shiga takarar babban joji a 2000, ya kuma yi nasara.

Daren 31 ga Yulin 2001, bayan ma'aikata sun tashi, aka shigo da wani sassaƙaƙƙen dutse mai nauyin kusan kilo 2,400 cikin ginin kotun ƙoli da ke Montgomery, aka girke shi a tsakiyar zauren shiga, inda duk mai shigowa sai ya gan shi. A samansa an zana Dokoki Goma kamar buɗaɗɗen littafi. Moore bai shawarci sauran alƙalai takwas ba. Waɗanda suka san da maganar su ne masu ɗaukar hoto na wata ƙungiyar wa'azin Kirista ta talabijin, da suka naɗi aikin suka riƙa sayar da kaset ɗin.

Lauyoyi uku da ke shiga ginin don aikinsu suka kai ƙara kotun tarayya. A Nuwamban 2002 Mai Shari'a Myron Thompson ya yanke hukuncin cewa dutsen ya saɓa wa kundin tsarin mulkin ƙasa. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Yulin 2003. Aka ba da wa'adi zuwa 20 ga Agusta, tare da barazanar tarar dala 5,000 a kan jihar a kowace rana. Moore ya fito fili ya ce ba zai cire ba. Ɗaruruwan magoya baya suka yi dafifi a matakalar kotun, wasu a durƙushe suna addu'a, wasu suna kwana a wurin, har aka kama waɗanda suka ƙi fita daga zauren. Sauran alƙalai takwas suka haɗu suka soke matsayinsa, ranar 27 ga Agusta aka tura dutsen zuwa wani ɗaki aka kulle.

Me ya sa maganar alƙalin tarayya ta hau kan ta babban jojin jiha?

A nan ne jama'a da yawa ke ruɗewa. Thompson alƙalin kotun matakin farko ne, Moore kuwa shugaban dukkan alƙalan jiharsa. A ido, ƙarami ne ke bai wa babba umarni. Sai dai ba a kan tsani ɗaya suke ba. A kan fassarar dokokin Alabama, kotun ƙolin Alabama ce ke da maganar ƙarshe. A kan kundin tsarin mulkin Amurka kuwa, sashe na shida ya ce shi ne dokar ƙoli, kuma ya ambaci alƙalan jihohi ƙarara ya ce wajibi ne su bi shi ko da dokar jiharsu ta ce akasin haka. A wannan shari'ar ma Moore ba alƙali ba ne, wanda ake ƙara ne.

Gyaran farko da aka yi wa kundin a 1791 ya hana gwamnati kafa addinin hukuma, ya kuma hana ta tauye wa kowa ibadarsa. Asali gwamnatin tarayya kaɗai ya shafa, amma tun 1947 Kotun Ƙoli ta ce ya hau kan jihohi ma. Inda ake sa iyaka shi ne abin jayayya har gobe. A rana ɗaya cikin Yunin 2005, Kotun Ƙoli ta ce a cire Dokoki Goma daga wasu kotunan jihar Kentucky, ta kuma ce wani dutse mai ɗauke da su a harabar majalisar Texas ya zauna. Bambancin shi ne niyya da muhalli: na Texas ya shekara 40 cikin wasu abubuwan tunawa na tarihi, na Kentucky kuwa an gano manufarsa ta addini ce. Lauyoyi masu wayo kan fake da cewa “tarihi ne kawai”. Moore ya ƙi wannan mafakar. Ya shaida wa kotu cewa ya girke dutsen ne don a san Allah ne tushen doka, kuma Allahn da yake nufi shi ne na Littafi Mai Tsarki. A ganina wannan gaskiyar da ya faɗa ta cancanci a yaba masa, ita ce kuma ta kayar da shi.

Hujjarsa ita ce gabatarwar kundin tsarin mulkin Alabama na roƙon yarda da shiriyar Allah Maɗaukaki, shi kuma ya rantse zai kare wannan kundi, don haka umarnin da ya hana shi ambaton Allah haramtacce ne. Masu adawa suka ce kowane wanda ya faɗi a shari'a yana ganin an zalunce shi. In babban joji zai zaɓi hukuncin da zai bi, da wane baki zai ce wa mai laifi ya bi nasa? Kotun ɗaukaka ƙara ta tuna masa da gwamnonin kudu irin su Wallace, wanda ya tsaya a ƙofar Jami'ar Alabama a 1963 don hana ɗalibai baƙar fata shiga. Manufar mutanen biyu daban ce, amma iƙirarin iri ɗaya ne: jami'in jiha na da ikon yin kunnen uwar shegu da kotun tarayya.

An tsige shi, ƙuri'a ta dawo da shi

Alabama na da hukumar da ke binciken alƙalai, da kuma kotun ɗa'a mai mutum tara da ta ƙunshi alƙalai da lauyoyi da waɗanda ba lauyoyi ba. Ranar 13 ga Nuwamban 2003 dukkansu tara suka amince a tsige Moore. Wanda ya gabatar da ƙarar shi ne antoni janar na jihar, Bill Pryor, ɗan Republican mai tsananin ra'ayin mazan jiya, wanda shi kansa yana ganin babu laifi a kafa Dokoki Goma a kotu. Abin da ya ce ba zai lamunta ba shi ne bijire wa umarnin kotu.

Sai dai kotun ɗa'a kujera take ƙwacewa, ba ta goge sunan mutum daga takardar zaɓe. Moore ya nemi gwamna a 2006 ya faɗi a zaɓen fidda gwani, ya sake nema a 2010 ya zo na huɗu. A 2012 ya koma neman tsohuwar kujerarsa, ya kayar da babban jojin da ke kai a cikin jam'iyya, ya kuma ci babban zaɓe da ƙaramin rinjaye. Tsigewar da aka yi masa ita ce babban abin tallansa.

Zagaye na biyu a kan auren jinsi ne. A Yunin 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta shi a duk faɗin ƙasar. A Janairun 2016 Moore ya aika wa alƙalan gundumomi masu ba da takardar aure umarni cewa haramcin jihar na nan daram. A ƙarshen Satumba kotun ɗa'a ta same shi da laifi. Tsigewa na buƙatar amincewar duka tara, ba a samu hakan ba, sai aka dakatar da shi ba albashi har ƙarshen wa'adinsa. Tunda dokar Alabama ta hana wanda ya kai shekara 70 tsayawa takarar alƙali, wannan dakatarwa ta rufe masa ƙofar kotu ke nan.

Addini yake karewa, ko addininsa?

Mai karatu Musulmi ko Kirista da ya ji an kori alƙali saboda ambaton Allah da ƙin auren jinsi zai iya jin tausayinsa nan take. Yana da kyau a san sauran labarin. A 2006 mutanen Minnesota suka zaɓi Keith Ellison, Musulmi na farko a majalisar dokokin Amurka. Da ya ce da Alƙur'ani zai yi bikin rantsuwarsa, Moore ya rubuta maƙala yana cewa bai kamata a bar shi ya zauna a majalisar ba. Abin da ya kare Ellison shi ne wannan sashe na shida da Moore ke jayayya da shi, domin a cikinsa aka hana gindaya sharaɗin addini ga mai riƙe muƙamin gwamnati. Ellison ya yi rantsuwarsa a Janairun 2007 da fassarar Alƙur'anin da ta taɓa zama mallakin Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku. A ƙasar da Musulmi ba su wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin 100 ba, ƙa'idar da ta fitar da dutsen Moore daga kotu ita ce dai ke ba su damar gina masallaci a garin da maƙwabta ba sa so.

Abin da ke isa ga talaka

Rigimar dutse ta fi jan hankali, amma illar zaɓen alƙalai ta fi bayyana a shari'o'in da ba a sa su a talabijin. Na farko kuɗi. A 2004 shugaban wani kamfanin haƙar kwal a West Virginia, Don Blankenship, ya kashe kimanin dala miliyan 3 don taimaka wa wani lauya ya hau kotun ƙolin jihar, a daidai lokacin da kamfaninsa ke shirin ɗaukaka ƙara kan diyyar dala miliyan 50. Sabon alƙalin ya ƙi janye jiki daga shari'ar, aka soke diyyar da ƙuri'a uku da biyu, tasa na cikin ukun. Wanda ya ci ladan kuturu dai an san abin da ke kansa. Sai a 2009 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen biyar da huɗu, ta ce ya zama dole ya janye.

Na biyu tsoron a ce alƙali na sassauta wa masu laifi. Bincike a jihohin Pennsylvania da Washington ya nuna hukuncin ɗauri na ƙara tsawo idan zaɓen alƙali ya ƙarato. A Alabama abin ya kai ga rai. Har zuwa 2017 alƙali na da ikon ture shawarar masu taya shi yanke hukunci, su ce ɗaurin rai da rai shi ya ce kisa, kuma an yi hakan kusan sau 100 tun daga shekarun 1970. A 2013 Mai Shari'a Sonia Sotomayor ta Kotun Ƙoli ta rubuta cewa bayanin da ya fi dacewa da wannan shi ne matsin lambar zaɓe. Alabama ce jiha ta ƙarshe da ta soke wannan iko.

Masu kare tsarin ma ba su rasa abin faɗa ba, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Suna cewa naɗi ma siyasa ce, sai dai ana yin ta a ɗaki a rufe tsakanin gwamna da manyan lauyoyi. Zaɓe aƙalla a fili ake yin sa, kuma jama'a na iya korar alƙalin da ya gagare su. Duk wanda ya san ƙorafin da ake yi a ƙasashenmu kan yadda ake raba kujerun alƙalai tsakanin 'yan uwa da abokan arziki ba zai yi saurin watsi da wannan ba. Raunin hujjar shi ne akasarin masu zaɓe ba su san 'yan takarar alƙalanci ba. A Alabama mutum na iya dangwala wa jam'iyya sau ɗaya ya zaɓi duk wanda ke ƙarƙashin tutarta. Wanda ya fi suna shi ke da riba, kuma ba abin da ke sa alƙali suna kamar rigima.

Zaɓen 2017 da bayansa

A Afrilun 2017 Moore ya ajiye muƙaminsa ya nemi kujerar sanatan Alabama da Jeff Sessions ya bari. Shugaba Donald Trump da manyan jam'iyya suka mara wa Luther Strange, wanda ke riƙe da kujerar na wucin gadi, baya a zaɓen fidda gwani, amma Moore, da hular kaboyi a ka, yana zaro ƙaramar bindiga daga aljihu a gaban taro, yana zuwa rumfar zaɓe a kan doki, ya kayar da shi. Ana saura wata ɗaya babban zaɓe jaridar Washington Post ta wallafa zargin wasu mata cewa ya neme su suna 'yan mata shi kuma yana da shekara 30 da wani abu. Ɗaya ta ce shekararta 14 a lokacin. Ya musanta, kuma ba a taɓa gurfanar da shi kan laifi ba. A 2022, a ƙarar ɓata suna da shi da matar suka shigar da juna, masu taya alƙali sun ce babu wanda ya ɓata sunan wani.

Ranar 12 ga Disamban 2017 Doug Jones na Democrat, lauyan da ya sa aka ɗaure mutum biyu 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin baƙar fata, kan harin bam na 1963 da ya kashe yara mata huɗu a wani coci a Birmingham, ya yi nasara da ratar ƙuri'a kusan 22,000. Baƙaƙen fata sun fito sosai, wasu 'yan Republican kuma, ciki har da Sanata Richard Shelby, sun rubuta sunan wani daban a takardarsu. Rabon da ɗan Democrat ya ci kujerar sanata a jihar tun 1992. Moore ya sake gwadawa a 2020, ya zo na huɗu a zaɓen fidda gwani.

Maganar Dokoki Goma kuwa ba ta bi shi ta faɗi ba. A 2022 Kotun Ƙoli ta yi watsi da tsohon ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi a irin waɗannan shari'o'i, abin da ya ƙarfafa wa jihohin kudu gwiwa. Louisiana a 2024 da Texas a 2025 sun yi dokar rataye Dokoki Goma a azuzuwan makarantun gwamnati, iyayen yara kuma suka garzaya kotunan tarayya. A Alabama, tun a Nuwamban 2018 masu zaɓe suka amince da gyaran kundin jihar da ya halatta kafa su a gine-ginen gwamnati, da sharaɗin cewa in an kai ƙara, ba za a taɓa kuɗin baitulmali wajen kare shari'ar ba.